Idan Addu'a Ta Ƙi Fita Daga Baki

Akwai maganar da ba a yi a lokacin ba da shaida. Sai an tashi sujada, jama'a sun watse, yara sun fara tattara littattafan waƙa daga kan benci, sannan wani zai matso ya rage murya ya ce, "Baba, ina son ganinka." In an samu gefe an zauna, zai daɗe yana murza hula a hannu kafin ya ce, "Ina addu'a, amma ji nake babu mai saurare." Wata kuma ta ce, "Tun da aka kashe maigidana a hanyar gona ban iya buɗe Littafi ba. Ina ɗaura zanen zumunta, ina shiga layi, bakina yana motsi tare da na sauran mata, amma ciki wayam."

Masu faɗin haka yawanci ba baƙin majami'a ba ne. Su ne masu zuwa addu'ar asuba, masu koyar da yara ranar Lahadi, dattawan ikilisiya, har da fastoci da matansu. Abin da ke cin ransu ya wuce rashin da suka yi. Tsoro suke ji ko Allah ya juya musu baya, ko kuma bangaskiyarsu ta mutu ba su sani ba. Da kai nake magana yau, ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, in wannan ne halin da kuke ciki. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma kowa nake nufi.

Ka fara da cire wa ranka cewa bushewar zuciya alama ce ta an yashe ka. Mother Teresa, wadda ta ƙare rayuwarta tana jinyar matalauta a Kalkata ta ƙasar Indiya, ta rasu a 1997. Sai a 2007 aka buga wasiƙunta, duniya ta gano ta yi kusan shekara 50 tana addu'a ba ta jin kusancin Allah, kuma ba ta bar addu'ar ko aikin ba. Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Landan, yana da shekara 22 a 1856 lokacin da wasu suka yi ihun gobara ana tsakiyar sujada, aka yi turmutsutsu, mutum 7 suka mutu. Abin ya karya shi, kuma baƙin ciki mai nauyi ya riƙa dawo masa har ƙarshen rayuwarsa. Babu mai cewa waɗannan ba su san Ubangiji ba. Yesu kansa, a kan gicciye, ya tambayi Uban abin da ya sa ya yashe shi. Hanyar da kake bi tana da sawun mutanen kirki da yawa.

Labarin da na fi so ka zauna da shi yana cikin 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, sai Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa. Ya gudu Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Annabi ne fa, wanda wuta ta sauko daga sama da addu'arsa. To, duba abin da Allah ya yi masa. Bai yi masa wa'azi ba, bai tuna masa da abin da ya gani a Karmel ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa da aka gasa a kan garwashi da butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi abinci. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb kafin Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Daga baya ne ya gyara masa lissafi, ya faɗa masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya kuma haɗa shi da Elisha don kada ya ci gaba shi kaɗai.

Mu kuwa mukan juya jerin nan. Mutum yana cikin duhu, sai mu ɗora masa azumin kwana 7 da addu'ar dare, ga shi dama ba ya ci, ba ya barci. Ina girmama azumi, ina kuma yin sa. Amma wanda ya rame, idonsa ya faɗa, ya kwana uku bai runtsa ba, abin da yake bukata yau shi ne kwanon tuwo da miya mai zafi da wurin kwanciya. Ka ci ko ba ka jin daɗin abincin. In tuwo ya ƙi shiga, ka sha kunu. Ka kwanta a lokaci guda kowane dare, ka ajiye waya nesa da gado, musamman ka daina kallon hotunan gawarwaki da ake turawa a WhatsApp bayan kowane hari. Kallonsu da tsakar dare ba ya taimakon wanda ya mutu, kai kuwa yana sabunta maka rauni. Da safe ka fito rana ta taɓa ka, ka taka ko zuwa bakin layi ne. Jikin nan Allah ne ya yi shi, kula da shi yana cikin biyayya.

A nan ne zan faɗi abin da wasu ba sa son ji daga bakin mai bi. Wani lokaci abin da muke kira yaƙin ruhaniya ciwo ne mai suna, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa, kuma yana da magani. In ka wuce mako biyu kullum zuciyarka a dagule, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, barci da cin abinci sun rikice, kana ganin kanka ba ka da amfani, ka je asibiti. Haka in ka tsira daga hari amma ƙarar buga ƙofa ko ta babur tana sa jikinka rawa, kana mafarkin abin kowane dare. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa na Jos da Kano ma suna da sashen ƙwaƙwalwa. In sun yi maka nisa, likitan babban asibiti mafi kusa zai iya fara duba ka. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. In an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada ka yar da shi bayan kwana biyar, kada kuma ka daina sha ba da sanin likita ba ko da an yi maka addu'a ka ji sauƙi. Luka da ya rubuta bishara likita ne. Da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, Allah ya amsa addu'arsa, amma annabi Ishaya ya sa an manna masa curin ɓaure a kan marurun da ya fito masa.

In kuma tunanin kashe kanka ya fara zuwa, kada ka jira gobe. Ka faɗa wa mutum ɗaya yau ɗin nan, da bakinka, ba a lulluɓe ba. Ka ba shi maganin ƙwari da duk wani abu mai haɗari da ke ɗakinka ya tafi da shi, kada kuma ka kwana kai kaɗai, a raka ka asibiti. Giya da tiramadol da kodin su ma ka nisance su. Suna kwantar da ciwon na awa kaɗan, su dawo da shi ninki, su kuma raunana hankalin da kake bukata don ka tsaya.

Sai batun addu'ar kanta. Da yawanmu an tashe mu a kan cewa ba a yi wa Allah ƙorafi, sai godiya. In an tambaye mu, "Yaya haƙuri?" mu ce, "Da godiya," ko da ciki yana tafasa. A gaban mutane wannan ladabi ne mai kyau. Amma in ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka ci gaba da wannan ladabin a gaban Allah, addu'arka za ta bushe, domin abin da bakinka ke faɗa daban da abin da ke ranka. Littafin Zabura yana da waƙoƙi 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara. Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe. Zabura 42 ta mutumin da ya taɓa jagorantar masu sujada ce, yanzu yana tuna kwanakin yana hawaye. Zabura 88 ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, babu ko layi ɗaya na murna a ƙarshenta, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta ba. Akwai littafi guda mai sura 5 da sunansa ma Makoki.

Ga yadda za ka yi amfani da su. Ka zaɓi ɗaya, ka karanta da murya, a hankali, da harshen da kake kuka da shi, Hausa ce ko Bura ko Tangale ko Berom. In ka iso ayar da ta taɓa ka, ka tsaya, ka faɗi naka a wurin. Ka kira sunan wanda ka rasa. Ka ce, "Ubangiji, na roƙe ka ka tsare shi, ba ka tsare shi ba, ban gane ba, raina ya ɓaci." In kana iya rubutu, ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta ka zuba a ciki. Wannan ba saɓo ba ne. Mai saɓo juya baya yake yi ya tafi, mai kai ƙara kuwa yana tsaye a ƙofar wanda ya yarda zai iya share masa hawaye. A ƙarshen littafin Ayuba, wanda Allah ya ce ya faɗi daidai a kansa shi ne Ayuba mai kuka da tambaya. Abokansa uku da suka kwana suna kare Allah da dogon bayani su ne aka tsawata wa.

Akwai ranakun da ko wannan ba za ka iya ba. A irin ranar, ka yi Addu'ar Ubangiji kawai, wadda ka haddace tun kana ajin baftisma. In ita ma ta yi tsawo, ka ce, "Yesu, ka ji tausayina," ka maimaita. In baki ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, ka zauna shiru minti biyar a gabansa. Bulus ya faɗa wa Romawa a sura 8 cewa Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu ce ba. Ka sa wa kanka ƙa'ida ƙarama da za ka iya cikawa ko a rana mafi muni: lokaci ɗaya, wuri ɗaya, Zabura ɗaya. Iyayenmu mata a ƙauye, in dare ya yi, sukan binne garwashi cikin toka. Da asuba murhun kamar ya mutu, amma in an tona aka hura, sai wuta ta tashi. Aikinka a wannan lokaci shi ne kada garwashin ya mutu. Ba a nemi ka dafa wa gari abinci ba.

Kada ka bar zuwa majami'a, ko da za ka zauna a bencin baya ka fita kafin a gama gaisuwa. In ba ka iya waƙa, ka bar sauran su rera a madadinka. In ana Jibin Ubangiji, kada ka ja baya don kawai ba ka jin komai, domin ba a kan jin daɗinka aka kafa teburin ba. Ka tuna da Toma. Bai gaskata labarin tashin Yesu ba, ya kuma faɗi haka a fili, amma bayan kwana 8 yana nan cikin ɗakin tare da sauran almajirai, a nan Ubangiji ya same shi. Sai dai zama cikin taro bai isa ba. Kana bukatar mutum ɗaya ko biyu da suka san gaskiyar halinka. Yesu a Getsamani bai ɓoye nauyin ransa ba, ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yohanna ya faɗa musu. Ka zaɓi mai riƙe sirri, wanda maganarka ba za ta zama "batun addu'a" a bakin kowa ranar Laraba ba. Zai fi kyau in shi ma ya taɓa shan wuya. Mace ta nemi wata uwa a zumunta, namiji ya nemi dattijo mai nutsuwa. Ka faɗa masa abin da kake so: ya zo ya zauna, ya kira ka da yamma, ya raka ka asibiti. Shanyayyen da ke cikin Markus sura 2 bai kai kansa wurin Yesu ba, mutum huɗu ne suka ɗauke shi har suka buɗe rufin ɗaki, kuma bangaskiyarsu ce Yesu ya gani.

Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit a ƙarni na 16, ya bar wata shawara da na ga amfaninta sau da yawa: lokacin da rai ke cikin duhu ba lokacin canza shawarar da aka yanke cikin haske ba ne. Kada ka saki aure, kada ka ajiye aiki, kada ka sayar da gona, kada ka bar ikilisiya a cikin watannin nan, sai dai in zamanka a wurin yana da haɗari ga ranka. Ka kuma yi hankali da masu cewa sun ga wahayi a kanka. Wanda ya ce maka kishiyar uwarka ce ko surukarka ta yi maka asiri, sannan ya ce ka kawo kuɗin mai ko na "shuka iri" kafin a karya abin, ya ƙara maka maƙiya da talauci a kan baƙin cikinka. Na ga gidajen da irin wannan magana ta raba, 'yan'uwan da ya kamata su riƙe marar lafiya suka koma ba sa ga maciji. In akwai zunubin da ka sani, takamaimai, ka furta shi, ka gyara abin da za ka iya gyarawa, ka karɓi gafara, magana ta ƙare. Amma laifin da ba shi da suna, wanda ke bin ka kawai yana cewa kai ba kowa ba ne, wannan ba muryar Makiyayi ba ce. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce musu ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Yafiya ita ce wurin da mutane da yawa ke maƙalewa, kuma mu masu wa'azi mukan yi gaggawa a nan. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A ƙarshen Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Fiye da shekara 10 ke nan, wasu iyaye har yau ba su ga 'ya'yansu ba. Maƙwabtansu Musulmi ma sun binne nasu, sun bar gidajensu. EYN ikilisiya ce da aka sani da koyarwar zaman lafiya da ƙin ramuwa, duk da haka ta ga dole ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda mutane ke zama su ba da labarin abin da ya same su, su yi kuka. Wa zai tsaya gaban uwar da 'yarta ba ta dawo ba ya ce mata ta yafe kafin Lahadi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kai ne a wannan matsayi, ka fara da abin da za ka iya: ka janye hannunka daga ramuwa, ka miƙa shari'ar ga Allah, kada kuma ka ɗora laifin masu bindiga a kan maƙwabcin da kuka tashi tare. In zuciya ba ta kai ga yafewa ba, ka ce, "Ubangiji, ban iya ba tukuna, ka sa in so." Yafiya ba ta hana ka neman hakkinka a gaban hukuma, ba ta kuma nufin ka manta.

To, yaya salama take in ta zo? Kada ka sa ran amsar kowace tambaya. Ayuba bai taɓa jin dalilin wahalarsa ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi na ɗaukarta, kuma wasiƙarsa ga Filibiyawa da ke maganar salamar Allah daga kurkuku ya rubuta ta. Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin salama a daren da za a kama shi. Saboda haka salamar Kirista tana iya zama ɗaki ɗaya da hawaye. Yawanci ba da ƙara take shigowa ba. Wata rana za ka farka ka ga ka yi barci har asuba. Za ka ji wata waƙa ta taɓa ka bayan watanni. Jikanka zai yi wani abu ka yi dariya, kada ka ji kunyar dariyar. Za ka lura maƙwabciyarka ba ta ɗora tukunya ba, ka aika mata da kwano. In lokacin Kirsimeti ko ranar da abin ya faru ya zagayo, nauyin zai iya dawowa. Wannan ba komawa baya ba ne, ka shirya masa tun da wuri, ka nemi wanda zai yini tare da kai.

Ku kuma 'yan'uwa da ke kewaye da mai wannan ciwo, mun iya zaman makoki na kwanakin farko, da rumfa da kujeru da kulolin abinci. Amma ranar da masu haya suka zo suka kwashe kujerun, baƙi suka koma garuruwansu, ranar ce gidan ke yin shiru, kuma daga nan ne ciwon ke farawa da gaske. Ku koma bayan wata ɗaya, ku koma bayan wata shida. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana 7 da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki. Ku bar cewa "bangaskiyarka ce ta yi rauni," ku bar cewa "wasu sun fi ka shan wuya." Ku ɗebo ruwa, ku kai yara makaranta, ku ambaci sunan mamacin ba tare da tsoro ba.

Kai kuma ɗan'uwa, kafin Lahadi mai zuwa ka zaɓi mutum ɗaya, ka je gidansa ko ka kira shi, ka ce masa, "Ba ni da lafiya a zuciya, ina so ka tsaya tare da ni."